Wai JAMB ɗin wata rana ta fi ta wata rana wuya?

 

Yau maganar daga cikin gidanmu ta fito, kuma sai da na nemi izini kafin in kawo ta nan. Ba zan kama sunan kowa ba.

Ina da ɗan yayata a nan Gwandu, ina kuma da 'yar ƙanena a Kalgo. Sa'o'in juna ne, tare suka gama sakandare, tare suka sayi fom ɗin JAMB na 2025, kuma darussansu iri ɗaya ne: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Shi takardarsa ta fito da ranar farko, Alhamis 24 ga Afrilu, zaman safe, a wata cibiya a Birnin Kebbi. Ita kuwa sai bayan kwana huɗu ta zauna, da rana. Da sakamako ya fito, yaron ya samu 187, yarinyar ta samu 231. Maki 44 ke nan tsakaninsu.

To a gidan yayata an riga an yanke hukunci tun kafin in iso. Da na shiga, ko tabarma ba a gama shimfiɗa mini ba, ta ce: "Malam, kai da kake karantarwa, hwaɗa mini gaskiya. Wanga yaro shi ka ɗaukar na ɗaya tun firamare. Mi ya sa aka ba su mai wuya, aka ba na baya mai sauƙi?" Shi kuma gogan yana gefe, kansa a ƙasa. Ya ce: "Kawu, wallahi duk wanda muka fito tare da shi kuka yake. Ranarmu ta fi wuya." Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abin da ya biyo baya. Ya ce shi ya gama da boko, zai bi motar albasa zuwa Kudu. Ita kuma uwar har ta fara tara kuɗi, wai an haɗa ta da wani mutum da ya ce baɗi zai iya sa wa yaron "rana mai sauƙi".

Ni malamin makaranta ne, kuma ina lesin ɗin yamma ga masu shirin wannan jarrabawa shekara da shekaru. Yaron nan ɗalibina ne. Don haka tambayar ba ta bar ni na yi barci ba, domin idan ba ranar ce ta kayar da shi ba, akwai hannuna a ciki.

Bari mu fara da yadda abin yake. An kafa hukumar JAMB a 1978. A zamaninmu takarda da fensir ne, rana ɗaya, duk ƙasa a zauna lokaci guda. A 2013 aka fara gwada kwamfuta, daga 2015 kuma aka koma kanta gaba ɗaya. To kwamfutocin ƙasar nan ba za su ɗauki mutum kusan miliyan 2 a zama ɗaya ba. Dole a raba su kwanaki, a kowace rana kuma a raba su zama-zama. A 2025 daga 24 ga Afrilu aka yi ta yi har zuwa 5 ga Mayu. Kuma da zarar ka raba mutane kwanaki, ba ka isa ka ba su tambayoyi iri ɗaya ba. Da na safe sun fito, kafin azahar duk tambayoyin suna WhatsApp. Saboda haka ake da rumbun tambayoyi, ana ɗebowa ana cakuɗawa, har wanda ke kusa da kai ma abin da ke gabansa ba lallai ne ya zama naka ba.

Kun ga ke nan yayata ba ta yi ƙarya duka ba. Tambayoyin da ɗanta ya gani ba su ne 'yar ƙanena ta gani ba. Kuma babu ɗan Adam ɗin da zai rubuta tambaya dubu ya ce dukkansu nauyinsu ɗaya cif. Ko ni da nake rubuta tambaya ashirin ta gwajin aji, sai na raba takardu nake gane cewa ta bakwai ta fi ƙarfin yara, ta goma sha biyu kuma kyauta ce na bayar.

Amma ba a nan gizo yake saƙar ba. Tambayar ita ce, wannan bambancin nawa ne girmansa, kuma wa yake faɗa wa?

Ku zo mu je kasuwa. Ka ga mai sayen shinkafa, ba ya zazzage buhu ya ƙirga ƙwaya. Hannu yake zurawa ya ɗebo, ya duba tsakuwa da karyayya, ya yanke farashi. Idan ya sake zura hannu a buhun nan dai, abin da zai ɗebo ba zai zama daidai da na farko ba. Wani ɗiban tsakuwa uku, wani ɗiban shida. Buhun bai canza ba, ɗiban ne ya canza. Jarrabawa ɗiba ce. Manhajar Kemistiri ta shekara uku ita ce buhun, tambaya 40 kuma ita ce abin da hannu ya ɗebo.

Ga lissafin, kuma ina roƙon masu gudun lissafi su daure minti ɗaya. Tambayoyin duka 180 ne: Turanci 60, sauran darussa uku 40 kowanne. Kowane darasi maki 100, jimla 400. Idan ka raba daidai, tambaya ɗaya a darasi mai 40 maki biyu da rabi ce. A ce yaro ya san kashi 60 cikin 100 na manhajar. A tambaya 40, abin da ake sa rai ya ci shi ne 24. Amma ɗiba ce. Yau sai ya ci 21, gobe da wani ɗiban ya ci 27, ilminsa bai ƙaru ba bai ragu ba. Tambaya uku sama ko uku ƙasa, wajen maki 7 ko 8 ke nan a darasi guda. Idan ka haɗa darussa huɗu, ba duka suke karkata gefe ɗaya ba, wani ya ɗaga ka wani ya sauke ka, sai abin ya tsaya wajen maki 15 sama ko 15 ƙasa. Wato yaron da asalin ƙarfinsa 200 ne, ganinsa da 187 ko 213 ba abin mamaki ba ne.

Ku lura da kyau, wannan ba wahalar rana ba ce. Wannan rabon mutum ɗaya ne. A ɗaki ɗaya, a awa ɗaya, wani ɗibansa ya faɗo kan abin da ya karanta daren jiya, na kusa da shi ɗibansa ya faɗo kan babin da malaminsu bai kai ba. Wanda bai kai babin lantarki ba a Fiziks, idan tambaya shida ta fito daga can, zai rantse da Alƙur'ani cewa jarrabawar ranar ta fi ta kowa wuya. Kuma gaskiyarsa ce, a wurinsa.

Na taɓa gwada wannan a lesin. Na ɗauki tsofaffin tambayoyin shekara biyu daban, na ba yara ɗaya ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi. Da muka gama na ce wacce ta fi wuya? Aji ya rabe biyu, har da musu da ɗaga murya. Da na duba maki, waɗanda suka hau ranar Lahadi da waɗanda suka sauka kusan kunnen doki. Kowa dai takardar da ya fāɗi ita ce mai wuya.

Sai kuma maganar "duk wanda muka fito tare kuka yake". Jama'a, wa ya taɓa fitowa daga jarrabawa ya tsaya bakin ƙofa yana shelar cewa ta yi masa sauƙi? Wanda ta yi wa daɗi shiru yake, ya hau mashin ya tafi, tsoron baki ma ya ishe shi. Masu kuka su ke taruwa ƙarƙashin bishiya. Kuma a 2025 masu kukan suna da yawa ko'ina: cikin mutum sama da miliyan 1.9 da suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba. Duk ranar da ka je bakin kowace cibiya, cikin mutum huɗu uku ba su kai rabin maki ba. Ka ga kowace rana "ranar wuya" ce idan da kunne za ka auna.

Wannan matsala ba mu kaɗai ke da ita ba, kuma masana awon jarrabawa sun daɗe da nemo mata magani. A Amurka akwai jarrabawar shiga jami'a da ake kira SAT, ana yin ta sau da yawa a shekara, kuma can ɗalibi shi ke zaɓen watan da zai zauna. Shi ya sa su ma suke da irin camfinmu, wai wata kaza ya fi sauƙi. Abin da masu shirya ta suke yi shi ne, ba sa ba ka adadin da ka ci kai tsaye. Suna auna nauyin kowace takarda, sannan su juya abin da ka ci zuwa ma'auni guda, daga 400 zuwa 1600. Idan takardarka ta fi nauyi, kuskurenka ba ya cin maki da yawa. Idan mai sauƙi ce, kuskure kaɗan sai ya ja ka ƙasa. Ɗaya daga cikin dabarun da ake auna nauyin da su ita ce a saka wasu tambayoyi iri ɗaya a cikin takardu daban-daban. Su ne kamar mudun da sarkin kasuwa ya amince da shi. Idan rukuni biyu sun yi daidai a waɗannan tambayoyin, amma rukuni ɗaya ya fāɗi a sauran, an san takardar ce ta yi nauyi, ba yaran ne suka gaza ba, sai a gyara musu.

A Indiya kuwa, inda masu neman shiga karatun injiniya suke zama jarrabawar JEE Main a zama daban-daban kamar mu, wata hanya suka bi. Ana duba matsayinka ne a cikin waɗanda kuka zauna tare. Idan ka wuce mutum 90 cikin 100 na zamanku, makinka ke nan, ko takardarku dutse ce ko auduga. Ita ma hanyar tana da nata ƙorafin, domin idan zamanku ya tara gwanaye, ka shiga uku. Amma dai kowa ya san da wane mudu aka auna shi.

Nan ne nake da buƙata, kuma ina faɗa da babbar murya. Ina son ranar da za mu buɗe waya mu ga an jera mana matsakaicin makin kowace rana da kowane zama, darasi-darasi, jiha-jiha, tare da bayani cikin harshen da uwa irin yayata za ta gane na yadda ake daidaita nauyin tambayoyi. Gani ya kori ji. Muddin iyaye ba su gani da idonsu ba, mai sayar da "rana mai sauƙi" ba zai rasa kasuwa ba.

Kuma kada wani ya ce mini ai na'ura ba ta kuskure. Shekarar 2025 ɗin nan ta koya mana. Bayan fitar sakamako aka yi ta kururuwa, ɗalibai da aka san ƙoƙarinsu suna nuna maki da bai yi kama da su ba. Da farko mutane da yawa, har da ni, muka ce kukan faɗuwa ne na kowace shekara. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida, ya amsa cewa an samu tangarɗar na'ura, ya nemi gafara har da hawaye. Abin ya shafi ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157, a Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas: Abia, Anambra, Ebonyi, Enugu da Imo. Aka sake musu jarrabawar daga 16 ga Mayu. Ruwa ba ya tsami banza. Tun daga ranar na daina yi wa mai ƙorafi dariya kafin in saurare shi.

Yayata tana jin labarin a rediyo ta aiko a kira ni. "To Malam, ka ji ko? Ba na hwaɗa maka ba?" Na ce Yaya, ki tsaya. Na farko, Kebbi ba ta cikin jerin. Na biyu, abin da ya faru can ba wai an ba su tambaya mai wuya ba ne, na'urar da ke sarrafa amsoshinsu ce ta samu matsala. Na uku kuma, yadda abin ya fito fili shi ne dubban mutane a yanki ɗaya suka fāɗi lokaci guda ta hanyar da hankali ba zai ɗauka ba. A cibiyar da ɗanki ya zauna, akwai yarana na lesin biyu a zaman nan nasa, ɗaya ya haura 200 da tazara mai kyau. Ta yi shiru, amma na san ba ta gamsu ba. Ni ma ban gamsu ba, domin lissafina na ɗiba ya ba ni maki 15, ko mu ce 20 idan rabo ya juya baya sosai. Ina sauran? Yaron nan a takarda ya fi 'yar'uwarsa, ni na san haka.

Sai na zaunar da shi na ce ya ba ni labarin ranar tun daga farko, kada ya tsallake komai.

Takardarsa ta ce ya kasance a cibiya ƙarfe 6:30 na safe don tantance yatsa. Daga Gwandu zuwa Birnin Kebbi tafiya ce ta kusan awa guda, in an samu mota ta cika da wuri, kuma wa zai ba ka mota cikakkiya kafin asuba? Don haka tun Laraba ya tafi, ya kwana a shagon wani ɗan garinmu. Afrilu ne, kun san zafin Kebbi a Afrilu, ga sauro, ga babu wuta. Ya ce bai fi awa biyu ya runtsa ba. Da safe ko koko bai sha ba, wai tsoron kada cikinsa ya juya. Ita kuwa 'yar Kalgo a ɗakin uwarta ta kwana, ta karya kumallo, ubanta ya ɗauke ta a mashin, tafiyar da ba ta taka kara ta karya ba. Kuma Kalgo gari ne da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi ta zauna a cikinsa tun da aka kafa ta a 2013, shagunan kwamfuta sun yawaita saboda ɗalibai. Yarinyar ta yi wata biyu tana zuwa wani shago tana gwada tsofaffin tambayoyi a kan allo, da agogo yana tafiya. Ta kuma zauna jarrabawar gwaji da hukumar ke shiryawa kafin ta gaske. Shi bai zauna ba, an ce a rage kashe kuɗi.

Na ce to a cikin ɗakin fa? Ya ce Kawu, minti goma na farko ina neman yadda zan koma tambayar baya. Jama'a, wannan jarrabawa ko linzamin kwamfuta ba ka buƙata. A, B, C, D na amsa ne, N ta kai ka gaba, P ta maido ka baya, S ta miƙa aiki. Abin da za a koya wa yaro cikin rabin awa. Ni ban koya masa ba. Na ce Turanci fa? Ya ce ya tsaya kan dogon nassin karatu yana maimaitawa, domin bai saba karatu a allo ba, idonsa yana yaji. Na ce da lokaci ya cika, tambaya nawa ta rage? Ya daɗe bai amsa ba. Can ya ce: "Fiziks ko rabi ban kai ba."

Tambaya 180 cikin minti 120. Daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. Yaron ya bar tambaya sama da ashirin bai ko gani ba, wato maki 50 ya ajiye a kan tebur ya fito. Tambayar da ba ka buɗe ba, ta yaya za ka san mai wuya ce ko mai sauƙi?

A nan jikina ya yi sanyi. Shekara nawa ina tsaye gaban allo da alli, ina warware tambaya ɗaya cikin minti biyar, yara suna gyaɗa kai, ina jin daɗi wai sun gane. Ban taɓa ajiye agogo na ce ku yi arba'in cikin minti ashirin da biyar ba. Na koya musu Kemistiri, ban koya musu jarrabawar ba. Na faɗa wa yayata haka a gaban ɗanta. Na ce Yaya, ranar ta yi masa wuya, wannan gaskiya ne, amma wuyar a hanya take da wurin kwana da yatsunsa, kuma kashi mafi girma laifina ne.

Game da mutumin nan mai "rana mai sauƙi", don Allah iyaye ku ji ni. Ɗalibi garin da zai zauna kawai yake zaɓa lokacin rajista. Rana da awa da cibiya a takarda suke fitowa. Babu wata rana da aka ware wa 'yan gata, kuma wanda bai san tambayar da za ta faɗo wa na kusa da shi ba, ina ya san wadda za ta faɗo wa ɗanki baɗi? Abin da kuɗin zai iya saya da gaske shi ne yin rajista da wuri, domin gurabun garin da ke kusa suna cika, mai jinkiri sai a tura shi nesa. Sai kuɗin jarrabawar gwaji, sai na awannin zama gaban kwamfuta, sai wurin kwana mai kyau idan zaman safe ya faɗo.

Wani abu kuma da na tuna wa yaron: 187 ba faɗuwa ba ce. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi na shiga jami'a 150 ne, na kwalejin fasaha da ta ilimi 100. Matsalarsa ita ce likitanci ya nema, inda ake tururuwa kuma makin yake can sama. Ga jami'ar Aliero kusa da mu, ga Waziri Umaru a Birnin Kebbi, ga kwalejin Adamu Augie a Argungu, da canjin kwas da ya samu wuri. Na shimfiɗa masa duka. Ya ce shi dai likita yake so, zai sake. Na ce to, amma motar albasa fa? Ya yi dariya, karo na farko tun fitar sakamako.

Kuɗin da yayata ta tara, da su da ɗan abin da na ƙara, muka sayi tsohuwar kwamfutar hannu guda. Batirinta ba ya wuce awa ɗaya da rabi, don haka a shagon mai cajin waya muke jona ta. Yanzu duk Asabar yara goma sha ɗaya suke layi a kanta, kowa da lokacinsa, ni kuma ina riƙe da agogo. Makon farko ɗan yayata tambaya 130 ya kai kafin in ce a tsaya. Makon jiya ya kai 171. 'Yar Kalgo ma ta zo hutu ta zauna kusa da shi tana yi masa tsiya, wai "Baffa, ka ba shi mai sauƙi, kada ya ce ranar ce."

Idan akwai mai tsohuwar kwamfuta da ba ya amfani da ita a Gwandu ko Kalgo ko Birnin Kebbi, ya yi mana magana ta akwatin saƙo, ko allonta ya tsage muna so. Waɗanda kuma suka zauna a 2025, ku rubuto mana ranar da kuka zauna, safe ko rana, daga ina kuka taso, da tambaya nawa kuka bari. Makin ba dole ba ne. Sai mun haɗu a shiri na gaba, wassalamu alaikum.